Filin Mata: Hutun Hunturu Ya Zo, Mu Fita da Yara Su Ga Garinsu

 Ga shi an gama jarrabawa, an rufe makarantu, yara sun dawo mana gida, ba kuwa za su koma ba sai watan Janairu ya kama. Watau muna da mako biyu ko uku ke nan da za mu riƙa wuni tare da su tun safe har dare. Abin da na ke so mu yi shawara a kansa yau shi ne, me za mu yi da waɗannan kwanaki?

Kowa ya san yadda a kan yi. Yara maza da sun karya kumallo sai su fice, ba a sake ganinsu sai yunwa ta koro su, ƙafafu furu-furu. 'Yan mata kuwa, wadda ba a ɗora wa farantin talla ba tana tsakar gida, daga wanke-wanke sai raino, in ta sami sarari ta ɗauki wayar uwarta ta duƙufa a kai. Uwa tana bakin murhu tana ƙirga ranar komawa makaranta don kunnenta ya huta. Haka hutu zai ƙare, ba wanda ya ƙaru da kome.

To, ga shawarar ƙanwarku. Cikin hutun nan ko wace uwa ta ware kwana biyu ko uku, ta haɗa kai da maƙwabtanta, su ɗebi yaransu, musamman 'yan mata, su fita da ƙafa su ga garin nan namu da kewayensa. Ba sai an kashe kuɗi ba, ba kuwa sai an je nesa ba.

Dalilin da ya sa na faɗi haka, a aji na gano shi. Sa'ad da mu ke karatun labarin ƙasa na kan tambayi 'yan mata, wa ya taɓa hawa dutse ya hango garin Dutse daga sama? Sai ka ga hannu bai fi biyu ko uku ba. Yarinya za ta kawo miki sunan babban birnin Masar ba gargada, amma ki tambaye ta wace bishiya ce ta ke fid da ganye da rani, sai ta yi zuru, alhali kuwa bishiyar tana bayan gidansu. Laifin ba nata ba ne. Ba wanda ya taɓa riƙe hannunta ya nuna mata. A makarantar horon malamai abin da a ke fara koya mana shi ne a ɗauki yaro daga abin da ya sani zuwa abin da bai sani ba, daga na kusa zuwa na nesa. Yarinyar da ba ta san na kusa ba, karatunta duk hadda ce, da an gama jarrabawa sai ya zube.

Don Me Sai Da Hunturu?

Domin duk shekara ba lokacin da ya fi shi daɗin tafiya a ƙasarmu. Da damina ciyawa ta rufe hanya, duwatsu suna santsi, gonaki cike da shuka. Da bazara kuwa, daga watan Maris zuwa Mayu, dutse ya kan yi zafin da ba ya taɓuwa. Amma yanzu an gama girbi, an kai amfani gida, fili ya buɗe, sauro ya ragu, rana ba ta da ƙarfi. Mutum ya yi tafiyar sa'a guda bai yi gumi ba.

Ita kanta iskar abin koya wa yara ce. Daga arewa maso gabas ta ke busowa, ta ƙetaro Hamada. Da yawa daga cikin ƙurar nan da ta ke sauka bisa kwanukanmu daga ƙasar Cadi ta ke tasowa, daga wani ƙaton kwari da a ke kira Bodele. A zamanin da can wurin ƙarƙashin tafki ne, ruwa ya janye ya bar farar ƙasa mai laushi kamar gari, iska tana ɗiba tana kawo mana. Ki sa 'yarki ta shafa hannu bisa taga, ki gaya mata wannan ƙura ta yi tafiyar ɗaruruwan kilomita kafin ta iso ɗakinku. Ba za ta manta da inda Cadi ta ke ba.

Fita Ta Fari: Garu

A fara da Garu, tsohon gari, wanda ya ke kwance tsakanin duwatsu, inda fadar Mai Martaba Sarki ta ke. Wanda ya tashi a sababbin unguwanni irin su Takur da Gida Dubu ya kan yi tsammani Dutse jiya aka kafa ta, gama a ranar 27 ga Agusta 1991 ne aka cire Jihar Jigawa daga Jihar Kano aka mai da Dutse babban birninta. Ba haka ba ne ko kusa. Littafin tarihin sarakunan Kano ya ambaci Dutse tun zamanin Sarkin Kano Abdullahi Burja, wanda ya yi sarauta daga 1438 zuwa 1452. Ku lura kuma da abin da aka ambata: an ce ya auri 'yar Sarkin Dutse. Ashe tun a farkon labarin garin nan akwai mace a ciki. Ku gaya wa 'ya'yanku mata wannan.

Tarihin baka ya ce wani maharbi mai suna Duna Magu shi ya fara zama a nan, saboda yawan gada da ya tarar cikin duwatsu, daga nan ne a ke cewa Dutse Gadawur. Daga baya, wajen shekara ta 1732, aka yi wani jarumin sarki mai suna Ada, wanda a ke cewa shi ya kewaye gari da ganuwa mai ƙofa 12. A zamaninsa Sarkin Kano Kumbari ya kawo wa Dutse yaƙi, ya yi iya ƙoƙarinsa bai shiga garin ba. Sunayen waɗansu ƙofofin har yanzu suna bakinmu, sun zama sunayen unguwanni da ƙauyuka, kamar Maranjuwa da Ma'ai da Galamawa da Kaci. Sa'an nan a zamanin jihadi, wajen 1807, Salihi da Musa suka karɓi garin. Sarkin da yawancinmu muka tashi muka gani, Alhaji Nuhu Muhammadu Sanusi, ya hau gadon sarauta a 1995, ya rasu a watan Janairu na 2023, ɗansa Alhaji Hamim Nuhu Sanusi ya gaje shi.

In kun isa ƙofar fada ku tsaya ku gai da dogarai cikin ladabi, ku bar yara su dubi zanen da magina suka yi a jikin bango da launuka iri iri. Yarinyar da ta iya lalle ko ɗinkin hula za ta gane waɗansu zane-zanen nan da nan. In kuna so ku ga abin da ya wuce ƙofa, sai a nemi izini tukuna.

Daga nan sai a nemi dutse mai sauƙin hawa, wanda 'yan unguwar suka saba hawa. Ba lalle ne a kai ƙoli ba. Ko rabi aka hau ya isa a hango garin shimfiɗe, ga itatuwan dabino, ga sababbin gine-ginen gwamnati, ga hanyoyi sun miƙe. A nan ne yaro ya kan gane abin da a ke nufi da taswira. Ki tambaye shi, ina gabas? Ina unguwarmu? Ina makarantarku? Ki tambaye shi kuma, don me mutanen da suka zaɓi su zauna cikin matsin duwatsu, ga fili fetal a waje? Ki bar shi ya yi tunani har ya gano da kansa cewa dutse garkuwa ce a zamanin yaƙi, mahayin doki ba ya iya sukuwa a kansa.

Su kansu duwatsun suna da labari. Masana sun auna sun ce shekarunsu sun haura miliyan 200, 'yan'uwan duwatsun Jos ne, cikin wani dogon jeri da ya taso daga ƙasar Azbin a Nijar ya gangara kudu har kusa da kogin Binuwai. Ku nuna wa yara inda bayan dutse ya ke ɓarewa kamar ɓawon albasa, da inda saiwar ɓaure ta kutsa cikin tsaga tana buɗa ta a hankali. Za ku kuma tarar da wurare masu sulɓi, inda yara suka yi ta zamiya shekara da shekaru har dutse ya yi sheƙi.

Fita Ta Biyu: Dabino da Itatuwa

Rana ta biyu a bi ta gonaki da lambuna. Dutse ta yi suna da dabino a duk ƙasar nan, har hukumar binciken NIFOR ta gwamnatin tarayya ta kafa reshenta na binciken dabino a nan. Amma yara nawa suka san dabino yana da mace da namiji? Namiji fure kawai ya ke yi, ba ya 'ya'ya. Mai gona ya kan hau ya yanko furen namijin ya sa cikin furen tamacen, in ba a yi haka ba 'ya'yan ba za su yi kirki ba. Namiji guda ya kan ishi mata da yawa, amma wannan zance kada ku bari ya kai kunnen masu gida! In aka shuka ƙwallo ba a sanin abin da zai fito, mace ko namiji, sai bayan shekaru ya yi fure. In kuwa aka cire ɗan da ya tsiro a gindin uwa aka dasa, to, abin da uwar ta ke shi zai zama. Ku nemi wani dattijo mai gona ku gaishe shi, ku roƙe shi ya nuna wa yara. Manomi ba ya ƙin wanda ya tambaye shi sana'arsa.

Bishiyar nan da na ce tana fid da ganye da rani ita ce gawo. Sauran itatuwa suna kaɗewa, shi kuwa yanzu ne ya ke kore shar, da damina ta faɗi sai ya zub da ganyensa. Saboda haka ne manomi mai hankali ba ya sare shi. Da damina ba ya yi wa gero inuwa, ganyensa taki ne, 'ya'yansa kuma abincin tumaki da awaki ne sa'ad da ciyawa ta ƙare. Kusa da shi ga kuka ta tuɓe ganye sarai, 'ya'yanta suna reto. Ga tsamiya ta nuna, ga magarya da kurna da aduwa, ga mangwaro ya fara fure. Ki sa ko wace yarinya ta tsinko ganye biyar daban daban, ta faɗi sunan ko wane da amfaninsa. Wanda ya gagare ku a kai wa kaka a gida, ita ba zai gagare ta ba.

A hanya za ku ratsa tudun yashi, ku gangara fadama inda a ke noman rani, tumatir da albasa da alkama. Sai ki ce wa yara, wannan tudun yashi shi a ke kira jigawa, daga gare shi jiharmu ta sami sunanta. Za ku kuma ga shanun Fulani suna kiwo cikin karan gonakin da aka girbe. Tsohuwar al'ada ce, saniya ta ci kara ta bar wa mai gona taki. Ku gai da makiyayi, ku ba garke hanya, kada yaro ya jefi saniya.

Fita Ta Uku: Ruwa ko Kasuwa

Wadda ta ke da halin kuɗin mota kaɗan, akwai madatsar ruwa ta Warwade cikin ƙasar Dutse. A sauka, a bi bakin ruwa da ƙafa, a ga masunta da komayensu, a ga tsuntsaye. Belbela da zalɓe da kirinjijiya namu ne na gida. Amma a wannan lokaci akwai baƙin tsuntsaye da su ke gudo sanyin Turai, su ƙetaro teku da Hamada su sauka a ruwayenmu, sai sanyi ya wuce su koma. Babban masaukinsu a jihar nan shi ne dausayin Baturiya a ƙasar Haɗejiya, wanda aka sa shi cikin jerin manyan dausayoyin duniya a 2008. Ki tambayi yara kuma, ina shamuwa? Ba za su gan ta ba, gama ita da damina ta ke zuwa mana, yanzu ta yi kudu can nesa.

Sai dai ina roƙonku, kada yaro ko ɗaya ya shiga ruwan da ya ke kwance, ko madatsa ko kududdufi. Ban da haɗarin nutsewa akwai tsargiya. Tsutsar ciwon nan cikin waɗansu 'yan ƙananan katantanwa ta ke girma, ta fito cikin ruwa, ta huda fatar mai wanka ba tare da ya ji ba. Waɗansu mutane har yanzu suna tsammani fitsarin jini alamar balaga ce ga yaro. Ba alamar kome ba ce sai ta ciwo, ga 'ya mace kuwa ya kan taɓa mahaifa ya jawo wahala bayan aure. Akwai maganinsa a asibiti, amma rigakafi ya fi magani.

In kuwa ranar Litinin ce, kasuwar Shuwarin tana ci, ga ta nan kusa. Kasuwa ajin lissafi ce. Ki ba 'yarki kuɗi a hannu, ki ce ta tambayi kuɗin tiyar gero wurin mutum uku, ta faɗi wanda ya fi araha, ta saya, ta ƙirga canji. Ki sa ta tambayi mai dabino wane ne na gida, wane ne aka kawo daga Nijar. A riƙe hannun ƙanana da kyau, gama kasuwar tana bakin babbar hanya, motoci ba sa tsayawa.

Babbar Fita: Birnin Kudu

Wannan ita ce ta ƙarshe, ita ce kuma ta fi. Daga Dutse zuwa Birnin Kudu tafiyar kamar sa'a guda ce a mota ko ƙasa da haka. In mata biyar ko shida suka yi karo-karo, ko a sa cikin kuɗin adashi, mota guda ta isa.

A duwatsun Birnin Kudu akwai zane-zanen da mutanen da can suka yi da jan launi a ƙarƙashin inuwar dutse, a Dutsen Habude da Dutsen Mesa da Dutsen Murufu da Dutsen Zango. Yawancinsu siffar shanu ce. Ki sa yara su duba da kyau su gaya miki abin da ya bambanta su da shanun da suka gani jiya a gona. Mai ido za ta ce, ai waɗannan ba su da tozo! Gaskiyarta. Irin shanun nan marasa tozo ba a kiwonsu a wajenmu nan yanzu, wannan kuwa yana nuna zanen ya daɗe ƙwarai.

A wurin kuma akwai duwatsun da in an buge su da ɗan dutse su kan yi ƙara kamar ƙararrawa, ko wane da irin muryarsa, jikinsu duk ramuka saboda yawan bugu. Wani Bature mai binciken kayan tarihi, Bernard Fagg, wanda ya kafa gidan tarihi na Jos a 1952, shi ya bincika su a 1955 ya ba duniya labarinsu. Masu binciken sun rubuta cewa a da amaren garin su kan je wurin duwatsun nan gab da biki. Ku tambayi tsofaffin matan Birnin Kudu, ku ji daga bakinsu. Yanzu wuraren suna hannun hukumar gidajen tarihi ta ƙasa, sai a fara zuwa wurin ma'aikatanta su yi muku jagora. Kada a taɓa zanen da hannu, kada a watsa masa ruwa don ya fito a hoto, kada yaro ya rubuta sunansa da gawayi.

Mutane su kan taso daga Ingila da Jamus don su ga abin nan, mu kuwa da mu ke maƙwabtaka da shi yawancinmu ko labarinsa ba mu ji ba. Akwai kuma abin da ya kamata mu yi tunani a kai. Ko wace rana ana fasa duwatsu a kewayen garuruwanmu don tsakuwar gini da ta hanya. Gini dole ne, hanya ma dole ce, amma dutsen da aka fasa ba ya dawowa. Yaran da ba su san wane dutse ne mai tarihi ba, ran da suka girma suka zama su ne kansiloli da injiniyoyi, ba za su san wanda ya kamata a bari ba.

Masu Cewa Bai Dace Ba

Na san wata za ta ce, Malama, mace ta gari ba ta yawo. Haka ne, in yawon banza a ke nufi. Amma uwa da 'ya'yanta da maƙwabtanta, cikin suturarsu, da rana tsaka, da sanin mazansu, wannan ba yawon banza ba ne. Mu duba kuma mu gani. Yarinyar nan 'yar shekara 10 da mu ke jin tsoron ta bi mu zuwa Garu, ita ce mu ke ɗora wa talla mu tura ta tasha ita kaɗai har magariba. Wanne ya fi haɗari?

Zancen izini kuwa, lalle a nemi izinin maigida, a kuma nema da dabara. Kada a tare shi da zancen yana shigowa a gajiye. A bari ya ci ya huta, sa'an nan a gaya masa inda za a, da waɗanda za a tafi tare, da lokacin dawowa. Abin da ya fi ma shi ne a ce ya zo ya yi jagora ran da ba aiki. Maza da yawa sun yi ƙuruciyarsu bisa duwatsun nan, da an taɓo zancen sai ku ga labari ya ɓalle. In ba shi da sarari ya ba da ƙaninsa ko babban ɗa. Wadda kuwa fita ba ta yiwu gare ta ba, ta haɗa 'ya'yanta da gwaggonsu ko innarsu, in sun dawo ta zauna ta ji labari.

Ga masu gida da su ke leƙa filin nan a ɓoye, na san kuna da yawa, ga tawa 'yar magana. Lafiyar matanku tana cikin wannan. Kakanninmu mata su kan taka zuwa kasuwar ƙauye da ƙafa, su yi daka, su yi niƙa, su ɗebo ruwa. Mu kuwa inji ya ɗauke mana niƙa, babur da keke mai ƙafa uku sun ɗauke mana tafiya. Sauƙi ne, mun gode, amma zama wuri ɗaya yana cikin abin da ya ke kawo hawan jini da ciwon sukari da ciwon gwiwa. A shawarar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayar a 2020, ta ce babban mutum ya sami aƙalla minti 150 na motsa jiki a mako, watau kamar tafiyar minti 30 da ɗan sauri kwana biyar. Yara daga shekara 5 zuwa 17 kuwa minti 60 ko wace rana. Mai ciki ma tafiya tana yi mata amfani in ungozoma ko likita ba su hana ba, sai dai ban da hawan dutse. Kuɗin mota zuwa Birnin Kudu bai kai kuɗin maganin hawan jini na shekara ba.

Shiri

Ga abubuwan da za a kiyaye:

1. A fita da hantsi, bayan rana ta ɗan kore sanyi, a dawo kafin la'asar ta yi sanyi. Ran da hazo ya yi kauri har ba a hango dutse daga gida, a fasa, a bari sai gobe. Mai ciwon fuka da jariri sabon haihuwa kada a fita da su cikin ƙura.

2. A shafa wa yara man kaɗanya a ƙafa da leɓe, a sa musu rigar sanyi wadda za a iya tuɓewa in rana ta yi. Takalmi mai rufi ya fi silifa, gama ƙaya da ƙarangiya sun bushe yanzu. Mu ma a bar takalmi mai tsini a gida.

3. A ɗauki ruwan sha isasshe. Da hunturu ba a cika jin ƙishi ba, amma iska tana busar da jiki. Guzuri kuwa na gida ya isa: dafaffen dankali ko rogo, gyaɗa, ƙuli-ƙuli, kwaɗon zogale, rake.

4. Kada yaro ya zura hannu cikin rami ko tsagar dutse, kada ya ɗaga dutse da hannu. Kububuwa da kunama a nan su ke fakewa da sanyi. In an ji ƙugin zuma a kauce, ba jifa. In maciji ya sari wani a ɗauke shi zuwa asibiti nan da nan, ba tsaga, ba tsotsa, ba ɗauri mai tsanani.

5. A nisanci inda a ke fasa dutse da tsofaffin ramukan da aka haƙa. Kada a hura wuta a daji, ciyawa ta bushe, iska kuwa tana kaɗawa.

6. A ƙirga yara kafin a tashi, a ƙirga su in za a dawo. Ko wace babbar yarinya a ba ta ƙarama guda ta riƙe. A tafi da waya mai caji, a kuma gaya wa na gida inda aka nufa.

7. Kada a tsinki kome a gonar mutum sai an roƙa. Leda kuma a dawo da ita gida, gama dabba in ta haɗiye ta ta kan kashe ta.

In An Dawo Gida

Aikin bai ƙare ba sai an juya abin da aka gani. Da dare, ana jin wuta, ki sa ko wane yaro ya faɗi abu uku da ya gani wanda bai taɓa gani ba. Wanda ya iya rubutu ya rubuta shafi guda, da Hausa ko da Turanci, ƙarami ya zana dabino ko saniya marar tozo. Ganyayen da aka tsinko a matse su cikin tsohon littafi, a rubuta sunan ko wane a ƙarƙashinsa. A kira kaka ta zauna, gama ita ce za ta ce, a zamaninmu nan wurin duk kurmi ne, can kuma akwai rijiya. In sama ta washe a fita tsakar gida a nuna musu Kaza da 'Ya'yanta, a watan Disamba tana fitowa da wuri daga gabas.

Ran da aka koma makaranta, ko wace yarinya ta kai wa malamarta abin da ta rubuta. Mu malamai mun san bambancin ɗalibar da ta gani da wadda ta ji kawai, tun daga irin tambayar da ta ke yi.

Ina so in ji daga gare ku. Wadda ta fita da yaranta ta rubuto wa filin nan ta hannun Edita, ta gaya mana inda suka je da abin da yara suka tambaya. 'Yan'uwa na Kiyawa da Jahun da Gwaram da Ringim, ku ma ku gaya mana abin da a ke gani a wajenku, don mu san inda za mu nufa hutu mai zuwa. Allah ya ba mu lafiyar ɗari. Sai mako mai zuwa.

Ƙanwarku,
Malamar Filin Mata